Wata shida ina karanta jagorar da ke cikin kwamfutata kafin in leƙa intanet

Wata shida ke nan da na ɗora wa kaina wata doka: duk tambayar da ta taso mini a kan wata manhaja, sai na fara duba bayanin da ke zaune cikin kwamfutata kafin in buɗe burauza. Debian 12, wani nau'in tsarin Linux, nake aiki da ita, kuma kusan duk abin da ke kanta 'yantacciyar manhaja ce.

Abin da ya jawo dokar kuwa abin kunya ne. Ina rubuta wani ɗan shiri da Python, wato harshen rubuta shirin kwamfuta, ina so in rarraba jerin bayanai kashi-kashi, sai na tambayi intanet. Shafin Python ya nuna mini itertools.batched, daidai abin da nake nema. Na kwafa, na kunna, kwamfuta ta ce ita ba ta san wannan suna ba. Na kusa cinye awa guda ina neman inda na yi kuskuren rubutu. Ashe sai a siga ta 3.12 aka ƙara shi, Debian 12 kuwa da 3.11 ta zo. Ba su ɓoye ba, yana nan rubuce a ƙasan bayanin, idona ne ya tsallake. Laifin nawa ne, amma hanyar ce ta shimfiɗa mini tabarmarsa: shafin intanet sabuwar siga yake fara nuna maka, bai san abin da ke kan injinka ba.

Nan ne jagorar cikin gida ta fi ƙarfi, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa dalili. Na girka ƙunshin python3-doc, sai ga dukkan bayanin Python a cikin /usr/share/doc, na sigar da nake da ita, ba gaba ba baya. Haka na yi da postgresql-doc da git-doc. Duk abin da na karanta a can, na tabbata zai yi aiki a nan. Ban san yawan shakkun da nake ɗauke da shi ba sai da na sauke shi.

Shafukan man, wato jagorar kowane umarni da ke fitowa idan ka rubuta man da sunansa, su ne abin da na fi taɓawa. Tsofaffi ne tukuf: tun 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka rubuta jagorar Unix ta farko a Bell Labs, kuma tsarin da suka kafa bai canza sosai ba. Suna, yadda ake kiran umarnin, bayani, sannan inda za ka ƙara dubawa. Da na saba ina ganinsu kamar takardar kotu. Sai da na gane lambobin sassan: 1 na umarni ne, 5 na tsarin fayil, 8 na aikin mai kula da inji. Idan ka rubuta man crontab, bayanin umarnin da ke tsara wa inji ayyuka bisa lokaci zai fito. Idan ka rubuta man 5 crontab, sai ga yadda ake tsara layukan fayil ɗin da kansa, wato abin da na yi shekaru ina nema a intanet duk lokacin da na manta ko minti ne ke fara zuwa ko awa. Minti ne. Yana nan tun tuni, taku ɗaya daga yatsuna. Dokar Debian ma ta ɗauki rashin shafin man ga wani shiri a matsayin aibi da za a iya kai ƙara a kansa, kuma mai amfani yana jin daɗin wannan tsauri.

Sauri ma ba a magana. Babu talla, babu akwatin da ke roƙon in amince da wani abu, babu shafi goma sha biyu a buɗe da na manta abin da ya kai ni cikinsu.

To amma ba duka ne zuma ba. Shafin man yana amsa wa wanda ya riga ya san sunan abin da yake nema. Wanda bai sani ba, haka zai tsaya yana kallon allo. Akwai apropos, wanda ke laluben sunaye da gajeren bayanin kowane shafi, sai dai in kalmar da ke kanka ba ita marubucin ya zaɓa ba, hannu rabbana za ka dawo. Injin bincike na intanet kuwa ko da gurguwar tambaya ka je masa, ko saƙon kuskure kawai ka liƙa, zai kai ka wurin wani da ya taɓa faɗawa ramin. Sannan misalai sun yi ƙaranci. Shafin find ko na tar zai jero maka zaɓuɓɓuka har ka gaji, alhali kai layi ɗaya kake so ka gani yana aiki. Wannan giɓin ne tldr ya cike mini, tarin gajerun misalai da ake saukewa sau ɗaya a ajiye.

Shi kuma info, tsarin karanta jagora na manhajojin GNU, har yau ba mu daidaita ba. Abin da ke ciki yana da kyau ƙwarai, info coreutils cikakken littafi ne, amma maɓallansa ba sa zama a kaina. Kuma akwai abin da ya ba ni mamaki: jagorar GCC, manhajar da ke mayar da lambar shiri abin da inji zai kunna, ba ta cikin babban rumbun Debian, tana sashen non-free, inda ake ajiye abin da bai cika sharuɗɗan 'yanci ba. Dalilin shi ne ƙuri'ar da masu haɓaka Debian suka kaɗa a 2006, inda suka yanke cewa takardun da ke ƙarƙashin lasisin GFDL masu ɗauke da sassan da aka hana a canza ba su cika sharuɗɗan 'yanci ba. Manhajar 'yantacciya, littafinta kuwa sai an ƙetara katanga.

Na gwada wani shiri mai suna Zeal na 'yan makonni. Yana tara jagorori da yawa wuri ɗaya, bincikensa kamar walƙiya, ba ya buƙatar intanet bayan an sauke. Sai dai galibi sabuwar siga yake kawowa, wato matsalata ta farko ta biyo ni har gida. Wanda ya fi burge ni shi ne tsarin harshen Rust: rustup doc yana buɗe jagorar sigar da ka girka, cargo doc kuma yana gina bayanin dukkan ƙunshe-ƙunshen lambar wasu da aikinka ya dogara a kansu, kowanne a sigarsa.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wata shidan nan wata ƙaramar manhaja ce, ba zan kama suna ba. Na buɗe babban fayil ɗin bayaninta, na tarar da layi biyu: sunanta, da adireshin shafinta. Na bi adireshin, shafin ya mutu. Lambar shirin tana hannuna, lasisi ya ba ni damar in karanta, in gyara, in raba, amma yadda ake sarrafa ta ya tafi tare da sabar wani bawan Allah da ya daina biyan kuɗin ajiya. Kwana biyu na yi ina tono ma'anar zaɓuɓɓukanta daga cikin lambar.

Yanzu dai ga yadda aikina ya zauna. In na san sunan umarnin, man ko ƙunshin jagora. In saƙon kuskure ne da ban taɓa gani ba, ko ina neman labarin wani aibi da aka gano bayan fitar sigar, intanet kai tsaye, domin jagorar cikin gida ba ta san abin da ya faru bayan ranar da aka naɗe ta ba. Kuma kafin in girka sabuwar manhaja, ina fara duba ko tana da ƙunshin da sunansa ya ƙare da -doc. Biyu na fasa girkawa a watan jiya saboda babu.