Sitabilaiza ko soket mai kariya: wanne zai tsare ƙananan kayan wuta?

Alhaji, tambayarka ita ce wanne ya kamata ka saya wa shagonka na Agege, sitabilaiza ko soket mai kariya, tunda kayan naka ba masu jan wuta ba ne: talabijin, dikoda, na'urar intanet da cajojin waya. To, su biyun ba cuta ɗaya suke magani ba.

A ƙa'ida wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Aikin sitabilaiza shi ne idan ta yi rauni, ko ta ɗan hau ta zauna a haka, ya daidaita ta. Ƙas-ƙas ɗin nan da kake ji, layi yake sauyawa a jikin taransifomar da ke cikinsa. Amma juya cajar wayarka ka duba bayanta, yawanci za ka ga an rubuta 100 zuwa 240. Wato ita da kanta tana jure raunin wuta, haka ma galibin talabijin na zamani. Firji ne raunin wuta ke wahalarwa, saboda injinsa.

Abin da ya fi kashe ƙananan kaya shi ne bugun wuta na farat ɗaya: aradu ta faɗi kusa da layi, ko lokacin da aka dawo da wuta, ko wani babban inji a maƙwabta ya tsaya. Bugun kan kai dubban bolt, ya zo ya wuce cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Kafin sitabilaiza ya motsa, aikin gama ya gama. A nan soket mai kariya ya fi shi. Akwai wani ɗan faifai a cikinsa da ake kira MOV, ba ya komai sai wuta ta haura iyakarsa, sannan ya karkatar da rarar kada ta isa ga kayanka. Sai dai kowane bugu yana cin jikinsa. Wata rana zai mutu, soket ɗin kuma ya ci gaba da ba da wuta kamar lafiya lau. Saboda haka nemi mai fitilar da ke nuna kariyar na nan, kuma ka duba adadin jul da aka rubuta, wato ma'aunin ƙarfin bugun da zai iya shanyewa, mai yawan ya fi daɗewa. Idan ka shiga kasuwar Alaba kada maɓalli mai jar fitila ya ruɗe ka, da yawansu soket ne kawai, babu komai a ciki. Sannan wani ɓangare na kariyar ya dogara ne da wayar ƙasa, wato wadda ke kai rarar wuta cikin ƙasa, sai mai gyaran wuta ya gwada ya tabbatar shagon yana da ita.

Akwai matsala ta uku da duka biyun ba su iya mata ba. Idan wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a layi ko a taransifomar unguwa, wuta na iya hawa har kusan bolt 400 ta zauna. MOV ƙonewa zai yi, sitabilaiza ma ba lallai ya tsira ba. Maganinta ɗan akwatin nan da ake kira gad, irin na talabijin da firji: da wuta ta wuce iyaka sai ya yanke ta, in ta dawo kuma ya ɗan jira ta natsu kafin ya saki.

Da ni ne, gad zan fara sawa a bango, in jona soket mai kariya a jikinsa, in bar sitabilaiza sai ranar da firji ya shigo shagon. Idan kuma hadarin damina ya taso da tsawa, zare filogi gaba ɗaya, har da wayar dish da ke shiga bayan dikoda, don bugu yana biyowa ta nan, inda soket ɗin bango bai da iko.