Manhajar Pray As You Go: Minti Goma Sha Biyu a Cikin Labarin Bishara

Na daɗe ina cikin masu karanta Littafi Mai Tsarki da gaggawa, irin karatun da mutum zai gama sura guda da safe, ya rufe littafin, amma kafin rana ta take ya kasa tuna abin da ya karanta. Sabo ne ya jawo mini haka, domin labarin da aka ji tun ƙuruciya yakan zama kamar hanyar da ƙafa ta haddace, a bi ta ba tare da an dubi abin da ke gefenta ba. Wannan ne ya sa na fara amfani da manhajar Pray As You Go, kuma bayan watanni da dama ina sauraronta kusan kullum, na ga ya dace in bayyana abin da na samu a cikinta da kuma inda nake ganin iyakarta take.

'Yan ƙungiyar Jesuit na Birtaniya, wato wata ƙungiyar addini ta Ikkilisiyar Katolika, ne suka fara wannan aiki a shekarar 2006, tun yana sauti kawai da ake saukewa daga intanet domin masu tafiya wurin aiki su saurara a hanya, kuma ma'anar sunan ke nan, wato yin addu'a ana cikin tafiya. Daga Litinin zuwa Jumma'a kowace rana tana da nata shiri, sannan akwai na ƙarshen mako. Tsawon kowane shiri yakan kama daga minti 10 zuwa 13, ba a biyan ko kwabo, kuma ana iya sauke shi a ajiye a waya don a saurara inda babu intanet.

Tsarin shirin ba ya canzawa sosai, kuma ina ganin wannan yana cikin ƙarfinsa. Da ƙararrawa ake buɗewa, a faɗi ranar da ake ciki, sai waƙa ta biyo baya na ɗan lokaci domin zuciya ta sauka daga inda take yawo. Daga nan a karanta nassi, wanda galibi yakan fito daga karatun da Ikkilisiyar Katolika ta tsara wa wannan rana, a yi 'yan tambayoyi biyu ko uku da ɗan sarari a tsakaninsu, a sake karanta nassin, sannan a gayyaci mai sauraro ya yi magana da Allah da kalmominsa na kansa kafin a rufe da gajeriyar addu'ar ɗaukaka ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Babu wa'azi a ciki. Wanda ya saba da shirye-shiryen da ake ɗaukar aya a warware masa ita a kuma gaya masa darasin da zai kwasa, zai iya jin kamar an bar shi a tsakiyar hanya a makon farko, kuma ni ma haka na ji. Sai daga baya na gane cewa da gangan aka bar wannan wuri a buɗe, kuma dalilin ya girmi manhajar da ɗaruruwan shekaru.

Ignatiyus na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, soja ne ɗan ƙasar Sifen da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a yaƙin Pamplona a shekarar 1521. A lokacin da yake jinya ya karanta tarihin rayuwar Almasihu da na tsarkaka, ya fara lura da cewa wasu tunane-tunane suna faranta masa rai na ɗan lokaci su bar shi a bushe, wasu kuma farin cikinsu yana daɗewa bayan sun wuce. Daga wannan lura, da kuma watannin da ya yi yana addu'a a garin Manresa, ya tattara ɗan littafinsa na horon ruhaniya, wanda Fafaroma Bulus na Uku ya amince da shi a shekarar 1548. A farkon littafin ya gargaɗi mai jagorantar wani a addu'a da ya taƙaita bayani, domin a ganinsa yawan sani ba shi ke ƙosar da rai ba, ɗanɗana abu a cikin zuciya ne ke yin haka, kuma ya ce mai jagora ya ja gefe ya bar Mahalicci ya yi hulɗa da halittarsa kai tsaye. Masu shirya Pray As You Go sun riƙe wannan gargaɗi da gaske, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake yaba musu. Yana da wuya mai ilimi ya riƙe bakinsa alhali ya san amsa, amma su sun riƙe.

Hanyar da Ignatiyus ya koyar ita ce mutum ya zana wurin da abin ya faru a idon zucinsa, ya dubi mutanen da ke wurin, ya ji abin da suke faɗa, ya lura da abin da suke yi, har ya ɗauki kansa ɗaya daga cikinsu. A bimbini kan haihuwar Yesu ma ya ba da shawarar mutum ya mai da kansa ƙaramin bara da ke tsaye a gefe yana kallo, yana jiran a aike shi. Ban fahimci amfanin wannan ba sai ranar da karatun ya faɗo a kan Markus 10:46-52, labarin makaho Bartimawas da ke bara a bakin hanyar fita daga Yariko. Na san labarin tamkar yunwar cikina, amma da aka karanta shi a hankali aka kuma bar ni da shi, sai na ga abubuwan da ban taɓa tsayawa a kansu ba. Jama'ar da suka tsawata masa ya yi shiru, su ne kuma suka juya suka ce masa ya ƙarfafa zuciya ya tashi, da zarar Yesu ya tsaya ya ce a kira shi. Mayafinsa kuma, wanda shi ne kusan duk abin da mabaraci yake da shi, yar da shi ya yi kafin ya zabura, alhali makaho ne, ba shi da tabbacin zai sake lalubo shi a cikin wannan taro. Na yi ƙoƙari in tsaya kusa da shi, amma gaskiya a cikin masu tsawatarwa na tsinci kaina, kuma ban ji daɗin ganin haka ba.

Sannan tambayar Yesu ta zo: “Me kake so in yi maka?” Da aka mai da tambayar gare ni, sai na rasa amsa. Na yi shekaru ina roƙon abubuwa da yawa a addu'a, jeri-jeri, amma da aka tambaye ni abu ɗaya da nake so daga ƙasan zuciyata, ban iya furta shi ba kafin shirin ya ƙare, kuma tambayar ta bi ni har dare. Da na koma na buɗe surar daga baya, sai na tarar cewa 'yan ayoyi kaɗan kafin wannan, Yesu ya yi wa Yakubu da Yohanna irin tambayar, suka roƙi kujerun girma a dama da hagunsa, shi kuwa makaho gani kawai ya roƙa. Ba wanda ya nuna mini wannan a cikin shirin. Shirin dai ya rage mini gudu har na isa inda zan iya ganinsa da kaina.

Maimaita karatun sau biyu ma yana da tushe. Wani mai zuhudu na ƙarni na 12 mai suna Guigo na Biyu ya bayyana tsohuwar hanyar da ake kira lectio divina da matakai huɗu, karatu da bimbini da addu'a da kuma natsuwa a gaban Allah, ya kuma kwatanta su da sa abinci a baki da taunawa da jin ɗanɗanonsa. Karatu na biyu a wannan manhaja shi ne wurin taunawar, kuma sau da yawa kalmar da ta wuce ni a karon farko ita ce take kama ni a na biyu.

Waƙoƙin sun cancanci a ambace su. Ana jin rere-reren masu zuhudun Taizé na Faransa masu maimaita gajeren layi guda har ya zauna a zuciya, da tsofaffin waƙoƙin gidajen zuhudu da harshen Latin, da na masu zuhudun Keur Moussa na Senegal waɗanda suke rera zabura da kora, wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, har da waƙoƙin sujada na zamani. Ba kowace ce take shiga raina ba, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga shirin da ake yi wa mutanen ƙasashe da ɗariku daban-daban, amma an zaɓe su da lura, kuma sau da dama waƙar tana buɗe ƙofar nassin tun kafin a karanta shi.

Akwai 'yan'uwa masu bi da suke ɗari-ɗari da duk abin da aka kira bimbini, suna tsoron kada ya zama kwashe tunani daga kai har ya zama fanko, ko kuma mutum ya ƙirƙiro wa kansa wani Yesu da ya dace da son zuciyarsa. Tsoro na farko bai shafi wannan manhaja ba, domin daga farko har ƙarshe hankali yana kan nassi da kuma wanda nassin yake magana a kansa. Na biyun kuwa yana da dalili, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Idon zuci bawa ne mai amfani amma yana iya wuce gona da iri, saboda haka ni na ɗauki nassin da kansa a matsayin shinge: ina iya jin zafin rana da ƙurar hanyar Yariko, amma ba na sa wa Yesu maganar da bai faɗa ba in kuma riƙe ta kamar aya. Wanda ba ɗan Katolika ba zai riƙa jin sunayen tsarkaka da bukukuwan da bai saba da su ba a farkon shiri, zai kuma ga wasu sassa kamar addu'ar rosari, wadda ake yi da carbi, da ba lalle su dace da koyarwar ikkilisiyarsa ba, amma shirin yau da kullum nassi ne da tambaya da addu'a, kuma ban ga abin da zai hana kowane mai bi cin moriyarsa ba.

Iyakar da ta fi bayyana ita ce ta lokaci. Shirin da aka tsara domin ya shiga cikin minti goma sha biyu ba zai iya ba da dogon shiru ba, kuma natsuwar da Guigo ya sa a mataki na huɗu ba ta zuwa da agogo. Wanda yake son ya daɗe a kan tambaya sai ya dakatar da sautin da kansa, ya ajiye wayar, ya zauna. Haka nake yi yanzu, kuma minti goma sha biyun sukan zama ashirin da biyar. Ko da yake sunan manhajar yana nuna addu'a a kan hanya, kuma tana yin wannan aiki ga wanda ba shi da wani lokaci, na fi samun amfaninta idan na bi shawarar Matiyu 6:6 na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Waya kuma ita ce babbar mai raba hankali, don haka sauke shirin tun da dare a kashe intanet kafin a fara ya fi. Iyaka ta biyu ita ce harshe. Da Turanci ake gabatar da shirin, ko da yake akwai 'yan'uwansa da wasu harsuna, kamar Rezandovoy da Sifaniyanci da Prie en Chemin da Faransanci. Masu karatun suna magana a hankali kuma a sarari, amma addu'a tana da harshen da take fin sauƙin fita da shi, shi ya sa nake buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa a gabana in karanta wurin kafin in kunna, idan kuma lokacin magana da Allah ya yi, da Hausa nake yi.

A cikin sauran abubuwan da manhajar ta ƙunsa, da suka haɗa da shirye-shirye na musamman na lokacin azumin kwana 40 da na makonnin jiran Kirsimeti, wanda ya fi zama mini abokin zama shi ne Examen, wato binciken zuci na ƙarshen yini da Ignatiyus ya ba muhimmanci ƙwarai. Ana bi da mutum ya fara da godiya, ya waiwayi yininsa sa'a bayan sa'a, ya lura da inda ya kusanci Allah da inda ya kauce, ya nemi gafara, ya kuma roƙi alheri domin gobe. Yakan haɗu da karatun safe ta hanyar da ban zata ba, domin a nan ne nake tuna wanda na tsawata wa da rana alhali yana neman a saurare shi.

Ga wanda yake neman koyarwa mai zurfi a kan tarihin nassi da ma'anar kalmominsa, wannan manhaja ba za ta wadatar da shi ba, sai ya haɗa da nazari a wani lokaci dabam. Ga wanda kuwa ya san labaran Bishara har sun daina taɓa shi, ko wanda yake so ya koyi yin shiru a gaban Allah amma bai san ta inda zai fara ba, ina ba shi shawarar ya gwada ta na mako biyu a jere a lokaci ɗaya kowace rana, kada ya yanke hukunci a kwana uku na farko, kuma ya riƙa dakatar da sautin duk inda tambaya ta kama shi. A 'yan kwanakin nan nakan buɗe Markus sura ta 4 ba tare da waya ba, in shiga jirgin tare da almajirai, in dubi ruwan da ke cika shi da kuma Yesu yana barci a kan matashi a ƙarshen jirgin, in jira in ji abin da zan ce masa idan na tashe shi.