Kayan gida ko na kanti: wanne ya fi dacewa da bindigar farauta mai jan hannu?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya. Yana da bindigar farauta mai jan hannu, wadda ake kira fam-akshan, mai cin harsashi lamba 12, kuma da lasisinsa. Yana so ya sa mata maratayi, da wurin jera harsasai, da matashin da zai rage masa shurinta a kafaɗa, da tocila. Kayan kanti sun yi tsada, ba kuma ko'ina ake samunsu ba. Shin ya kai wa baduku da tela su yi masa, ko ya daure ya saya?

Malam, amsar ba ɗaya ba ce ga duka huɗun. Abin da zai zauna a wajen bindiga, ya taɓa katako ko ya rataya, yawanci na gida yana kamo na kanti, wani lokaci ma ya wuce shi. Abin da zai matse ƙarfe ko ya maye gurbin wata ƙusa ta cikin bindiga, wannan ba aikin gida ba ne.

Kafin a taɓa komai, a sa sefti, wato makullin da ke hana bindiga tashi, a juya baki inda babu kowa, a ja hannun baya, a leƙa ɗakin harsashi, a sa yatsa a bututun harsasai na ƙasa a tabbata babu saura. Harsasan kuma a fitar da su daga ɗakin da ake aikin.

Sai ka san wace iri ke hannunka, don yawancin kayan kanti an yi su ne domin bindigogi biyu na Amurka. Remington 870 ta fito a 1950, akwatinta, wato tsakiyar jikinta inda kunama take, na ƙarfe ne, ƙusoshi biyu ke riƙe da gidan kunamarta. Mossberg 500 ta biyo baya a farkon shekarun 1960, akwatinta na alminiyom, ƙusa ɗaya ke riƙe da gidan kunama, seftinta kuma a sama yake inda babban yatsa ke kaiwa. Bindigogin Turkiyya da yawa sun yi kama da ɗaya daga cikinsu a ido, amma ramukan ƙusa da zaren sukuru ba lallai su zo daidai ba. Wanda ya sayi kayan 870 don bindigar da kama kawai ta yi da ita, sau da yawa kuɗinsa ya tafi. Nan ne kayan gida ke da riba ta farko: a jikin bindigarka ake aunawa.

Maratayi

Na kanti nailan ne mai faɗin inci 1 ko inci 1¼, da ƙugiyoyi biyu masu juyawa. Ba ya jin ruwa, ba shi da nauyi, amma yana zamewa daga kafaɗa idan rigar mai santsi ce, kuma masu arha bakil ɗinsu na roba ne da rana ke busarwa ya karye. Na baduku kirgi ne mai kaurin milimita 3 zuwa 4, tsawon santimita 90 zuwa 110, a faɗaɗa shi zuwa santimita 5 a inda yake hawa kafaɗa, a bar gefen nama na fatar yana kallon riga don ya kama. Fatar akuya ba ta yi, tana talewa. A ɗinka ninkin ƙarshe da zaren nailan mai kaki, layi biyu, kada a dogara da ribit ɗaya, domin a ramin ribit fata ke fara yagewa. Idan aka yi haka, na baduku ya fi na kanti daɗin ɗauka a doguwar tafiya.

Akwai masu saƙa shi da igiyar nailan da ake kira farakod 550, mai kaurin milimita 4 da zare bakwai a ciki. Saƙar tana cin igiya sosai: maratayi mai santimita 90 zai lashe kusan mita 11, ban da igiyar tsakiya. A jiƙa igiyar a shanya kafin a fara, in ba haka ba ruwan farko zai sa ta tsuke. Aibinta ba a iya ƙara mata tsawo ko ragewa, sai an haɗa mata guntun ɗamara mai bakil.

Matsalar ba a maratayin take ba, a inda za a maƙala shi take. A baya, idan ƙotar ta katako ce, ana huda ramin jagora na milimita 4 a tsakiyar ƙasan ƙota, santimita 5 zuwa 7 daga ƙarshenta, a manna tef a wurin kafin a huda don kada fentin ya ɓare. Wanda ya murɗa sukuru ba ramin jagora zai tsaga katakon. Idan ƙotar roba ce mai rami a ciki, sukurun katako zai tumɓuke wata rana. Sai an cire matashin baya an sa mai noti da wosha daga ciki. Wanda ba ya son huda komai, baduku zai ɗinka masa rigar ƙota da zoben ƙarfe a jikinta.

A gaba kuwa, sayen na kanti ya fi. Yawancin Mossberg 500 suna da rami mai zare a kan sukurun da ke riƙe hancin bindiga, wato dogon bututun da harbi ke fita ta cikinsa, ƙugiya kawai za a murɗa. A 870 murfin bututun harsasai ake canzawa da mai ƙugiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure igiya a jikin bututun harsasai: a kan wannan bututun hannun ja ke kai da komo, idan igiya ta hana shi kaiwa ƙarshen gaba, bindiga ba za ta kulle ba. Kuma kada a jera harsasai a jikin maratayi. Biyar kaɗai sun haura giram 200, suna lilo a ƙarƙashin bindiga daidai lokacin da kake bin fakara da baki.

Wurin jera harsasai

Nan ne bambancin ya fi fitowa. Na kanti mai tauri faranti ne na roba ko alminiyom da ke zama a hagun akwatin bindiga. A 870 yana maye gurbin ƙusoshin kunama biyu da sukurori masu ratsawa. A Mossberg yakan yi amfani da ƙusar kunama da sukurun abin da ke cillo kwanso. Yana riƙo da kyau, ba ya saki da zafi. Amma in aka ƙara masa juyi ɗaya fiye da kima, sukurorin suna matse bangon akwatin, sai ka ji hannun ja ya yi nauyi ko ya cije a hanya. Mutane kan ɗauka datti ne su yi ta zuba mai, alhali sassauta sukuru da rubu'in juyi ne maganin. Mai cin harsashi shida kuma yakan yi karo da dogon hannun ja na bindigar farauta, wanda ke hawowa kan akwati idan an ja shi baya. Kafin a saya, a ja hannun har ƙarshe a auna filin da ya rage. Wani lokaci mai huɗu kaɗai zai shiga.

Na gida iri biyu ne. Na farko kati ne na lastik da Velcro, maƙalen nan mai ƙaya-ƙaya na takalmin yara, kuma duk telan da ke ɗinkin jaka zai iya. Harsashi lamba 12 kaurinsa kusan santimita 2 ne. A samu lastik mai faɗin santimita 5 da ɗamara mai tauri a matsayin gindi. A gindin a yi alama kowane santimita 2.4, a lastik kowane santimita 4.3 ko kusa da haka, a haɗa alama da alama a ɗinka, ana kai da komo sau uku a kowane layi. A fara da gida ɗaya a gwada da kwanso, don lastik ya bambanta: ya shiga da ɗan turawa, kuma kada ya faɗo idan an kife katin an girgiza. Gefen Velcro mai ƙaya a bayan kati, gefen mai laushi mai gam a jikin bindiga. A goge wurin da sifirit har mai ya fita, a zagaye kusurwoyin da almakashi, a danna, a bar shi awa 24. A kula kada ya rufe lambar bindiga, wadda a waɗannan biyun a hagun akwati take.

Wannan bai taɓa ƙusa ko ɗaya ba, shi ya sa ya fi na kanti aminci ga wanda ba shi da mai gyara a kusa. Rauninsa zafi da mai. Bindigar da aka bari cikin mota a watan Afrilu, gam ɗinta zai yi laushi katin ya zame, mai kuma yana bin gefe yana ɗaga shi. Lastik yana mutuwa a hankali. A jera harsasan gindinsu na ƙarfe yana sama, don idan yana ƙasa shuri yana zazzago su ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu rigar fata ce a kan ƙota, mai igiyar zarge a ƙasa. Fata ba ta talewa kamar lastik, don haka kowane gida yana son wajen santimita 5 da ɗan ɗoriya. A jiƙa fatar, a cusa sanda mai kaurin harsashi, a bar ta ta bushe a inuwa. Dole rigar ta sami igiya ko leɓen da ya zagaya bayan ƙota, domin ƙota tana sirancewa ta gaba, kowane harbi yana tura rigar zuwa hannunka. Harsasan su kasance a gefen da kunci ba ya kwanciya: dama ga mai harbi da dama, hagu ga bahago. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa ta dace da wannan aiki don tana riƙe siffa, sai dai tana shan laima. Harsashin da ya kwana biyu a cikinta da damina gindinsa zai yi kore ko tsatsa, domin yawancinsu ƙarfe ne da aka yi wa rufin tagulla, kuma kwanson da ya yi tsatsa yana maƙalewa a ɗaki bayan harbi. Idan an dawo gida a zare su.

Matashin kafaɗa

A nan na kanti ya yi gaba. Robar da kamfanin Limbsaver ko na Pachmayr ke amfani da ita tana shanye duka ta dawo a hankali. Robar taya ta yi tauri, ba ta rage komai. Soson silifa yana yi na ɗan lokaci, sannan ya lotse. Idan dole ne, a yanka soson silifa mai kaurin santimita 1 zuwa 1.5 daidai bayan ƙota, a rufe shi da hular fata mai igiya, a riƙa canza soson.

Ko wanne aka sa, yana ƙara tsawo. Daga kunama zuwa ƙarshen ƙota yawancin waɗannan bindigogi suna da kusan inci 14, matashin sawa kuma yana ƙara kusan inci 1. Ga mai gajeren hannu wannan ya isa ya sa ya kasa jan hannun har ƙarshe, kwanso ya maƙale, ko ƙota ta riƙa kama riga wajen ɗagawa. A ɗaga bindigar kamar za a harba: tsakanin hancinka da babban yatsan hannunka mai jan kunama ya kamata a sami faɗin yatsu biyu zuwa uku. Sau da yawa ciwon kafaɗa ba laifin matashi ba ne. Ƙotar ce ba a danna ta a kafaɗa ba, ko ana harba harsashin inci 3 ga zabon da na inci 2¾ ya ishe shi.

Tocila

Tocilar kasuwa da kilif ɗin tiyo ita ce mafi munin dabara a cikin huɗun. Shuri yana buga batir gaba da baya har ya lotse ko fitilar ta riƙa ɗaukewa. Tocilan da aka yi don bindiga suna da sifirin a gaba da bayan batir saboda haka. Kilif ɗin kuma, idan aka matse shi a bututun harsasai, bangon bututun siriri ne, ɗan lotsawa kaɗan ya isa ya hana harsashi fitowa. Ko ta kanti ce, duk abin da ka haska da ita ka nuna shi da bakin bindiga, ko akuyar maƙwabci ce ko yaron da aka aika. Don ganin hanya fitilar goshi ta fi. Dokokin farauta a wurare da yawa ma sun hana farautar dare da haske.

Akwai kuma abubuwan da babu zancen kwatanta a kansu. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana rage hancin irin wannan bindiga ƙasa da inci 20, ta kuma hana ƙera ko gyara bindiga ba da izini ba.  Hanci, kunama, sefti da bututun harsasai ba a kai su wurin mai walda, ba a goga musu zarto. Naɗe hanci da tef ko tsumma shi ma ɓarna ne, don laima tana kwanciya a ƙasa tsatsa ta ci ƙarfen ba ka gani ba.

Duk abin da aka ɗora, a gwada shi babu harsashi: a ja hannun da ƙarfi sau ashirin, a tabbata yana kullewa a gaba, sefti da maɓallin sakin hannu suna motsi, ba abin da ya shiga gaban ramin da kwanso ke fita. Bayan harbi goma na farko a sake duba kowane sukuru da kowane ɗinki.