Daga Sadarwa Zuwa Wutar Lantarki: Wace Ƙofa Ce Ta Fi?

Duk injiniyan sadarwa da ya furta cewa yana son komawa ɓangaren wutar lantarki, nan take masu talla za su yi masa caa. Wannan ya ce digiri na biyu, wancan ya ce kwas na wata uku, wani ya ce horon haɗa sola. Kuɗinka ne za ka zuba, lokacinka ne za ka kashe, don haka tambayar da za ka riƙe ita ce: wace hanya ce za ta yi amfani da abin da ka riga ka iya, maimakon ta mayar da kai ɗan koyo daga tushe?

Ni dai ba na ɓoye zaɓina. Ka shiga ta ƙofar kariya da sarrafa tashoshin wuta, wato aikin rile (na'urar da ke gano matsala a layin wuta ta ba da umarnin katse shi) da SCADA (tsarin sa ido da sarrafa tashoshi daga nesa). Dalilina shi ne tashar wuta ta zamani ta riga ta cika da kayan da ka saba taɓawa. Ƙa'idar IEC 61850 ta sadarwa tsakanin na'urorin tashar wuta, wadda hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya (IEC) ta fitar a farkon shekarun 2000, ta sa rile yana magana da rile ta kan Ethernet. Saƙon da ake kira GOOSE, wanda kan ɗauki umarnin katse wuta, dole ya isa cikin 'yan milisakan, kuma idan cunkoso ya tare shi a suwic, taransfoma ce za ta ji a jikinta. Waye ya fi ka sanin yadda ake raba hanyar sadarwa gida-gida da VLAN da ba saƙo fifiko? Faibar da ke haɗa tashoshi kuwa sau da yawa tana cikin wayar da ke can ƙololuwar turakun wuta, wadda ake kira OPGW. Daidaita agogon na'urori da ƙa'idar IEEE 1588 ka san shi tun a gidanku na da. Ƙa'idojin DNP3 da IEC 60870-5-104, da cibiyar sarrafawa ke amfani da su wajen jin halin tashoshi, ba za su ɗauke ka dogon lokaci ba. Injiniyoyin wuta da yawa wannan ɓangaren ne ke ba su wahala, kai kuma da shi ka zo a hannu.

Amma kada wannan ya sa ka ɗauka ka iso. Akwai karatun da ba makawa sai ka zauna ka yi shi: wuta mai fes uku (wato mai tafiya a wayoyi uku tare), lissafin girman wutar da ke kwarara idan layi ya haɗe ko ya taɓa ƙasa, da hanyar da Charles Fortescue ya fito da ita a 1918 ta warware fes uku marasa daidaito. Sai ka san lambobin rile kamar sunanka: 50 da 51 na wutar da ta wuce kima, 21 na auna nisa, 87 na bambancin abin da ya shiga da abin da ya fita. Sannan akwai tsaron rai. Hannun da ya saba da batir mai volt 48 yakan yi saurin kai wa waya. A gaban kilovolt 132 kuwa ba sai ka taɓa ba, kusanta kaɗai ta isa. Ga misali ƙarami: taransfomar awo da ake kira CT, idan wuta na bi ta cikinta, ba a taɓa buɗe wayoyinta na fita. Sai an fara gama bakinsu biyu kafin a cire rile, in ba haka ba ƙarfin wuta mai kisa zai taso a wurin. Kwas ɗin da bai sa ka yi wannan da hannunka a gaban malami ba, bai koya maka kariya ba.

Digiri na biyu hanya ce mai kyau ga wanda ke son tsara layuka da nazarin tsarin wuta gaba ɗaya, yana cin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma ya fi daɗi idan kana yi kana aiki. Horon haɗa sola na 'yan makonni sana'a ce mai albarka, sai dai ba injiniyan wuta zai mayar da kai ba. Takardun shaidar kwas na gudanar da ayyuka (project management) kuwa ba su da alaƙa da wannan tafiyar.

Inda nake son ka buɗe ido sosai shi ne wajen masu sayar da takardar shaida. Na taɓa biyan wata cibiya da ta yi alkawarin horo a kan rile na gaske. Da muka hallara, hotuna aka yi ta haska mana a bango, ba rile, ba na'urar gwaji, a ƙarshe aka miƙo takarda mai tambarin zinare. A wajen ganawar neman aiki ba wanda ya kalle ta. Abin da aka tambaye ni shi ne ko na taɓa gwada rile da kaina. Tun daga nan ma'aunina ya zama ɗaya: me hannuna zai taɓa?

Saboda haka kafin ka biya ko kwabo, ka tambaye su wane rile suke da shi, na kamfanin SEL ne, na Siemens, na Schneider, ko na wa, kuma mutum nawa ne za su taru a kan guda. Ka tambayi na'urar gwaji, irin su Omicron, ka ce a nuna maka ita tana aiki. Ka tambayi malamin tashar da ya taɓa ƙaddamarwa. Wanda ya yi aikin zai ba ka labari har ka gaji, wanda bai yi ba zai koma yabon takardarsu. Idan suka ce za ka fita da shaidar ƙwarewa a 61850 daga IEC, ka kama gabanka, domin gwajin dacewa da wannan ƙa'ida na'urori ake yi wa, ba mutane ba. Idan suka jingina gajeren kwas da Yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda ƙasashe ke amincewa da karatun injiniya na juna a ƙarƙashinta, wannan ma yaudara ce, yarjejeniyar ta shafi cikakken digirin injiniya ne. Katin zama mamba a IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki, abu ne mai amfani, amma ba lasisin aiki ba ne. Lasisi yana hannun hukumar rajistar injiniyoyi ta ƙasar da za ka yi aiki, kuma ita za ka tuntuɓa kai tsaye, ba ta bakin mai talla ba.

Haka nan masu koyar da ETAP ko PowerFactory, manhajojin nazarin tsarin wuta, da kwafin sata. Araha ba ta ado: ba za ka iya nuna aikin da ka yi da ita a gaban kamfani ba, kuma galibi danna maɓalli suke koyarwa, ba fahimtar sakamako ba. In atisaye kake so, manhajojin OpenDSS da pandapower kyauta ne kuma halal. Ka gina ƙaramin layi a ciki, ka yi lissafinsa da biro da takarda, ka gwada ko amsoshin sun zo ɗaya. Idan kuma kamfanin da kake nema yana da sashen sadarwa na tashoshinsa, nemi gurbi a can tukuna, domin daga wannan kujerar ana ganin allon rile kullum, kuma masu gwajinsa sukan buƙaci mai riƙe musu kwamfuta.