Tukunyar narka gilashi a maikurowef: ta koyo ce, ba ta sassaƙa ba

Matasan Agege da Idi-Araba da suka fara leƙa gidajen baje kolin fasaha na Legas, irin su Nike da ke Lekki ko Rele da aka kafa a 2015, sukan tambayi abu ɗaya: ta ina ake fara aikin gilashi in babu kuɗin babbar tanda? Amsar da 'yan kasuwar intanet ke bayarwa ita ce wata 'yar tukunya fara, marar nauyi, da ake sakawa cikin maikurowef.

Gindi ne da murfi kawai. Cikin murfin an shafe shi da wani baƙin sinadari mai zuƙar ƙarfin na'urar ya mai da shi zafi, har ya haura digiri 800 a ma'aunin Celsius. Faɗin cikin ƙaramar kusan santimita 7 ne. A shimfiɗa takardar da ba ta ƙonewa, in ba haka ba gilashin ya manne da gindin. A ɗora yanka biyu masu kaurin milimita 3, domin narkakken gilashi kullum kaurin milimita 6 yake nema. In yanka ɗaya aka sa, gefensa sai ya tattare. Cikin 'yan mintuna ramin saman murfin zai yi ja kamar garwashi. A fito da ita da safar hannu mai kauri, a ajiye kan bulo, kada a ɗaga murfi sai bayan aƙalla rabin sa'a. Don 'yan kunne da abin wuya, ta yi aikinta.

Inda ta gaza shi ne hucewa. Gilashi ba ya son gaggawa. Masu yin gilashin Bullseye, wani kamfanin gilashin fasaha na Amurka, sun ce a tsayar da nasu a digiri 482, mai kaurin milimita 25 na sa'a 4, mai milimita 50 na sa'a 8, sannan a sauko a hankali. Wannan tukunya ba ta da ma'aunin zafi, balle hanyar tsayar da shi. Waje ya daskare, ciki bai gama ba, sai ƙarfin tsukewa ya maƙale a cikin gilashin. Abu zai fito sumul, bayan mako biyu a ji ƙas a kan kantar shago. Mai galari ba zai ɗauki wannan kasada ba. Ana iya gano matsalar tun da wuri: a kara gilashin gaban farin allon waya, a duba ta tabarau mai tace haske (polarized) ana juya shi, farin gajimare a kusurwa alamar zai tsage ce.

Kwalaben 'yan bola jari akwai araha, amma kada a haɗa koriya da ruwan ƙasa, ko kwalba da gilashin taga, don kowanne da yadda yake buɗewa da tsukewa. Masu aikin gilashi na unguwar Masaga a Bida sun daɗe suna narka kwalba su yi tsakiya da munduwa, sai dai su a kan wutar itace suke, idonsu na kan aikin.

Sai batun wuta. Ƙaramin janareton nan na shago ba ya ɗaukar maikurowef, kuma in wutar NEPA ta yi ƙasa lokacin narkewa yana canzawa. A ware na'ura ta daban, ban da wadda ake ɗumama tuwo.