Dish mai santimita 90 a damina: ya rage matsalar, bai kashe ta ba

Da rani kowane dish gwani ne. Sai Agusta ta shigo, marka ta zauna, sannan ake sanin wanda ya sayi na kirki. Wannan ne ya sa na haƙura har damina ta wuce kafin in faɗi ra'ayina a kan mai santimita 90 da na sa a gidana a Zariya, bayan na sauke tsohon mai 60.

A yayyafi da ruwa na yau da kullum, bambancin a fili yake. Ƙaramin, da an fara ɗiga hoto zai rinƙa tsinkewa, fuskar mai karanta labarai ta farfashe, murya ta shaƙe. Wannan kuwa yana riƙewa, saboda faɗinsa ya fi tattara sigina.

Amma idan hadari ya haɗu baƙi ƙirin daga gabas, to shi ma sai ya miƙa wuya. Abin da ya fi ba ni mamaki, sigina kan ɗauke tun ruwa bai sauka a unguwarmu ba. Dalili shi ne tauraron ɗan'adam da ke aiko siginar yana can sama, kusan kilomita 36,000 a saitin layin da ya raba duniya kudu da arewa, kuma nawa dish ɗin gabas ya karkata, ta inda hadarinmu ke tasowa. Ruwan da ke zuba can gaba shi ke tare hanya. Yanzu uwargida da ta ga allo ya daskare sai ta aiki yara su kwashe shanya. Irin waɗannan ƙananan dish da zangon sigina da ake kira Ku suke aiki, shi kuwa ruwa shanye shi yake yi. Manyan nan na da, masu zangon C, sun fi juriya, sai dai ina filin kafa su a gidan haya?

Ɗaukewar ba ta daɗewa, da ƙarfin ruwan ya ragu hoto zai dawo da kansa. Wadda ke daɗewa ita ce ta iska. Guguwar farkon damina ta ɗan karkatar da nawa, ido ma ba ya gani, amma tashoshi suka ɓace sai da mai saiti ya hau. Ya ce mini, "Alhaji, jikin rufin kwano ba wurin dish ba ne." Ya mayar da shi jikin bango, ya ɗaure da noti masu kauri, ya naɗe bakin wayar da ke shiga LNB, wato ɗan kan nan na gaban dish mai karɓar sigina, da salatif don kada ruwa ya shiga ya yi tsatsa. Tun daga nan bai motsa ba.

Idan ana tsawa, ina zare wayar dish daga dikoda, in cire ta wuta, don aradu ba ruwanta da faɗin dish. Mai ƙaramin dish da yayyafi ke hana shi kallo, ya ƙara kuɗi ya sayi wannan, amma ya ware na mai saitin da ya san aikinsa.