Ɗakin shawara da ya koma kan salula a Maraɗi: inda ya dace da inda ya yi tuntuɓe

Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar. Kafin watan ya ƙare an kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, an rufe makarantu da masallatai, an killace Yamai. A Maraɗi abin ya faɗo a kan tsohon miki, don tun Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina suna zaune jari na narkewa. Cikin wannan hali ne wani ƙaramin ɗakin ba da shawara kan damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa, mai ma'aikata biyu, namiji da mace, ya rufe ƙofa ya mai da aikinsa kan waya. Cutar ta lafa amma tsarin bai mutu ba, har yau mutanen Tasawa da Dakoro da ba su iya zuwa gari kowane mako da shi suke aiki. Shi ya sa ya cancanci a auna shi.

Abu mafi hikima da suka yi shi ne watsar da kiran bidiyo tun da wuri. Bidiyo yana cin mega ninkin-ba-ninkin kiran murya, rezo na yankewa ana tsakiyar magana mai nauyi, ga ɗaukewar wuta a zafin Afrilu da Mayu lokacin da cajin waya ke zama abin tattali. Akwai kuma matan da sam ba za su yarda namiji ya ga cikin ɗakinsu ba. Sai suka koma kira na yau da kullum, kuma su ne ke kira, don kada mutum ya riƙa gajarta zancensa saboda tsoron ƙarewar kuɗin waya. Kiran farko yana kai minti 50, sauran ba su wuce minti 30 zuwa 35. Wannan daidai ne: bayan rabin awa waya ta yi zafi a kunci.

A kiran farko suna karanta tambayoyi tara na PHQ-9, ma'aunin da ake gwada zurfin ciwon damuwa da shi, da Hausa. Kowace tambaya tana da maki daga 0 zuwa 3, jimilla 27, kuma daga 10 zuwa sama ake ɗaukar ciwon da muhimmanci. Inda suka nuna gwaninta shi ne yadda suke tambayar. Kalmar damuwa a bakin Bahaushe tana ɗauke da komai, daga bashin ɗan kasuwa har rasuwar ɗa, saboda haka ba su cewa "kina da damuwa?" Sai ka ji ma'aikaciyar ta ce, "Hajiya, cikin mako biyun nan, kwana nawa kika tashi jikinki a mace, ko tuwo ba ki son tuƙawa?" Da haka ake samun lamba, ba "mun gode Allah" kaɗai ba. Suna maimaita ma'aunin bayan kowane kira uku.

Jigon maganin sun ɗauko shi daga PM+, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na taimaka wa masu damuwa su shawo kan matsalolinsu, wanda asalinsa zama biyar ne na minti 90, mako-mako. Su sun daddatsa shi zuwa gajerun kira takwas zuwa goma. Ɓangaren warware matsala ya zauna da waya sosai: a zaɓi matsala ɗaya wadda hannu ke iya kaiwa, a jero hanyoyi, a ɗauki guda, a sa rana da lokaci. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya aiko da saƙon murya. Ba mu ga abin kushewa a nan ba.

Darasin natsuwa kuwa da sauran gyara. Sun yi dabara da suka guji kiransa zuzzurfan tunani, domin wanda ya zo yana kukan tunani ya yi masa yawa ba ka ce masa zo in koya maka wani tunanin. Kwas ɗin natsuwa da masani Jon Kabat-Zinn ya fara a Amurka a 1979 mako takwas ne, da kusan minti 45 na aiki kullum, abin da uwar ƴaƴa biyar ba za ta taɓa samu ba. Nasu saƙon murya ne na minti bakwai, a saurara bayan asuba ko bayan isha'i. A zauna a tabarma ko bakin gado, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, a shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake ta a hankali ana ƙirga shida. Hannun ciki ne ya kamata ya motsa. Wannan yana kawo numfashi kusan shida a minti guda, kuma tsawaita fitarwar ne ke sassauta bugun zuciya. Suna faɗa ƙarara cewa wannan ba ibada ba ce kuma ba ya maye gurbin zikiri, wanda ya ga dama ya ƙirga da carbinsa.

Matsalar ita ce malami ba ya ganin kafaɗar ɗalibinsa. Da yawa in an ce su ja numfashi sai su cika ƙirji da ƙarfi da sauri. Hakan yana fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima, sai jiri ya zo, yatsu da leɓe su fara tsiriri. Wanda dama yana tsoron korona ta kama masa huhu, da ya ji haka sai ya firgita ya ƙara haki. A ɗaki ana gyara wannan cikin minti ɗaya. A waya maganinsa shi ne a yi karon farko tare, ana kan layi, malami na ƙirgawa da baki, kuma a ce "numfashi kaɗan, a hankali" maimakon "ja sosai". Su kuwa sau da yawa saƙon kawai suke turawa. Haka nan a lokacin azumi, wanda a 2020 ya kama a ƙarshen Afrilu cikin tsananin zafi, bai kamata a bar mutum ya yi wannan da la'asar ba, a jira bayan shan ruwa.

Kuskure mafi girma a saƙon shi ne jimlar "rufe idanunki" da ake tura wa kowa. Jihar Maraɗi ta karɓi dubban mutanen da suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, musamman wajen Gidan Rumji, kuma ƙauyukan bakin iyaka sun ɗanɗana harin ƴan bindiga. Wanda ya ga kisa, da ya rufe ido cikin shiru hoton ne ke dawo masa. Irin wannan ana koya masa da ido a buɗe: ya taka ƙasa da tafin ƙafa, ya ambaci abu biyar da yake gani, huɗu da yake taɓawa, uku da yake ji da kunne. Saƙo biyu ya kamata su naɗa, su tambaya kafin su zaɓi wanda za su tura.

Sai batun sirri, wanda waya ba ta iya ginawa. A gidan yawa bango yana da kunne, ga kishiya, ga uwar miji, ga yara, kuma sau da yawa wayar ta maigida ce. Sun iya wani abu: kowane kira suna farawa da tambayar da amsarta i ko a'a ce, "Kina iya magana yanzu?", kuma suna shirya kalmar da in mace ta furta za a juya zance zuwa hirar girki. Amma sai suka zubar da wannan ƙoƙari da buɗe zauren WhatsApp na masu koyon natsuwa, bayan da manhajar ta ƙara masu shiga kira ɗaya daga huɗu zuwa takwas a Afrilu 2020. A zaure kowa na ganin lambar kowa da hotonsa, kuma a Maraɗi da wuya mutum takwas su haɗu babu wanda ya san dangin wani. Jerin aikawa ɗai-ɗai, inda saƙo ke isa wa kowa shi kaɗai, ya fi, ko da yake shi ma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai aikawa.

Ba su rubuta magani ta waya, kuma suna gargaɗi a kan diazefam da tiramadol na masu talla a tire, duka biyun jiki na sabawa da su. Mai jin muryoyi, mai farfaɗiya, maijegon da hankalinta ya rikice, duk suna tura su asibiti kai tsaye. Kuɗin zama ana aikawa ta waya kafin kira.

Tambaya ta tara a PHQ-9 a kan tunanin kashe kai take. Suna karɓar lambar wani ɗan'uwa a kiran farko, amma ba su tambayar inda mutum yake a kowane kira, alhali in layi ya yanke yana kuka ba a san ƙofar da za a buga ba. Layinsu kuma yana rufe da magariba. Wanda zai sa ɗan'uwansa a wannan tsari ya nemi a rubuta masa tun ranar farko wa za a kira da dare, da kuma wane asibiti za a nufa.